Motarka na ɗigar da man giya? Kafin ka canza sil, nemo abin da ya kashe shi

Yau maganar tamu ta masu tsofaffin bas ce, musamman Toyota Hiace mai giyar hannu, wadda da yawa a cikinmu da ita ake cefanen gida.

Ka fito da safe, ka ga ɗigon mai a ƙasan mota, ka ce ai ɗan kaɗan ne. To ka sani, man da ke cikin giyabos ɗin nan bai kai lita 3 ba, kuma babu wata fitila a gaban direba da za ta gaya maka ya ƙare. Sai dai ka ji giya ta fara kuka, ko ta ƙi shiga. Lokacin kuwa an riga an yi ɓarna, kuɗin sil ya koma kuɗin giyabos, ga mota a gareji ba ta kawo komai.

Da farko, tabbatar wane mai ne. Dangwala da yatsa ka shinshina. Man giya yana da kauri da wari mai ƙarfi, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan baƙi ne wuluk ba warin nan, daga inji yake, wannan wani aikin ne daban. Sannan a wanke giyabos tas, a ɗan zaga da motar, a leƙa a ga inda ya fara jiƙewa.

Idan ta gaba ne, tsakanin inji da giyabos, sai an sauke giyabos gaba ɗaya, kuma kar a ja lokaci, don man yana ɓata kulochi. Idan ta wutsiya ne, inda farfela ke shiga, Alhamdu lillahi, wannan mai sauƙi ne.

Amma don Allah, kar kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. A hau rami ko a tokare ta da kyau, a sa wa tayoyi waiji.

Kafin a kwance notina 4 na farfela ta wajen aksul, a yi alama da alli, don ta koma yadda take. In ba haka ba mota na iya fara rawa a kan gudu. A zare farfela, a tara kwano, a ɓanɓaro tsohon sil a hankali kar a karce gidansa.

To, a nan ake yin kuskuren. Ni kaina na taɓa canza sil sau biyu cikin wata guda, ina ta zargin mai kaya, ashe laifin ba nasa ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duba abu uku. Na ɗaya, bakin farfela da ke shiga cikin sil: shafa da farce, in ya ci rami, sabon sil ma ba zai riƙe ba. Na biyu, girgiza kuros da bushin wutsiya, in suna wasa, su ke cinye leɓen sil. Na uku, ƙaramar kafar shan iska da ke saman giyabos. Ƙurarmu ta hunturu da laka kan toshe ta, mai ya yi zafi, iska ta rasa mafita, sai ta turo shi ta sil. Nawa matsalar ke nan, aikin minti biyar.

Wajen saye, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon a hannu a gwada. Kuma araha ba ta ado. Wajen sawa, gefen da ke da siririn sifirin shi ke kallon ciki. A shafa wa leɓen ɗan mai, a buga shi daidai wa daida da sokat mai faɗinsa, kar ya karkace.

Sai zuba mai. Kullum a fara kwance notin zubawa na gefe kafin na tsiyayewa, kar ka zubar da tsoho ka tarar na sama ya ƙi kwantuwa. Galibi 75W-90 ake sa wa, mota tana tsaye a daidai, har sai ya fara dawowa ta bakin ramin.

Bayan kwana biyu ka shimfiɗa kwali a ƙasanta da dare. In ka wayi gari a bushe, aiki ya yi.

Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.