Maganin Kitsen Jini: Da Safe Ko Da Dare?

 

Yau maganarmu da dattawan da lokotoro ya rubuta wa maganin rage kitsen jini, wanda ake kira kolestarol. Da yawa an karɓo shi a Maraɗi, an sa a aljihu, ana sha duk lokacin da aka tuna. To, akwai gyara.

Kitsen nan ba duka daga tsire da man shanu yake zuwa ba. Hanta ce ke haɗa mafi yawansa, kuma ta fi wannan aiki cikin dare, muna barci. Shi ya sa ake shan irin maganin da ake kira simvastatin da dare: ba ya daɗewa a jini, cikin awa biyu zuwa uku rabin ƙarfinsa ya tafi. Wanda ya sha shi da hantsi, kafin hanta ta kama aiki gadan-gadan maganin ya yi sanyi. Atorvastatin da rosuvastatin kuwa suna kwana su wuni a jiki, kowane lokaci ya yi, muddin dai ba a canzawa.

Amfanin maganin bai tsaya ga rage kitse ba. Uwayenmu mata sun san yadda man gyaɗa ke lalacewa idan iska ta daɗe tana shigarsa. Kitsen jini ma haka yake lalacewa, kuma lalataccen ne ya fi manne wa bangon jijiya, ya kumbura ta, hanya ta ƙuntata, har a kai ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, Allah Ya kiyaye. Maganin yana rage wannan lalacewa da kumburin. Amma wanda ya sha yau ya tsallake kwana uku, wace kariya ta same shi?

Da azumi babu wahala, a sha bayan tarawihi.

Mai ciki ba ta shan shi. Wanda ya ji tsamin jiki mai tsanani, ko fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ya garzaya likita. Kuma don Allah a bar saye a tiren masu talla da ke gasuwa a rana.

Baba, Inna, gobe ku ɗauki kwalin ku je farmasi, a karanta muku sunan, a faɗa muku lokacinsa.