Jawabi a Kan Jar Dara da Ƴan Kashi na Biyu

Dattawanmu na Dakusa, da ƴan uwa mazauna Damagaram, Yamai da Kano, Allah ya ƙara maku girma.

An umarce ni in yi bayani a kan kayan soja da ke cikin adakar wasu gidajenmu. Tun da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, sojan baƙar fata da suka zo da su ana ce masu sojan Senegal, ko da mutum bai taɓa ganin Senegal ba. Faidherbe ne ya kafa rundunar a 1857, sunan kuma ya bi kowa, har Bahaushe da Babarbare.

Alamarsu jar dara ce da jan ɗamara. Sai wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙugiya da ake maƙalawa a riga ko a hula. Anga ce, wadda ke tsaida jirgin ruwa, domin asalin rundunonin mulkin mallaka na sojan teku ne. Ku duba abin mamaki, ɗan tudu mai shan ruwan rijiya yana yawo da alamar teku a wuya!

Daga 1919 aka mai da soja tilas, shekara 3. Likita ya duba samari, a jefa ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa ya sa kaki. Sauran masu lafiya a rubuta su a kashi na biyu, wato sojan ajiya. Su waɗannan ba dara, ba anga. Daga 1926 aka riƙa kwasar wasunsu aikin haƙa, musamman a Sudan, Mali ta yau, sai a 1950 aka daina. A ganina su ne aka fi cuta, domin ko lambar nunawa jikoki ba su samu ba.

Masu darar ma ba su tsira ba. A 1958 aka sauya wa rundunonin suna, a 1959 Faransa ta daskarar da fanshon ƴan mazan jiya, ba a daidaita shi ba sai bayan 2006, lokacin galibinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka ƙungiya na roƙo: duk gidan da ke da dara, lambar yabo ko ɗan littafin soja, kada a sayar wa dillalan kayan tarihi. A kawo wa magatakarda ranar taro mai zuwa, ya rubuta sunan mai kayan da lambar bataliyarsa, a mayar maku da abinku a ranar.