Zumunta A Ƙafa Take

Karatu: Ayyukan Manzanni 28:15



Ranar Kirsimeti ta 2011 bam ya tashi a cocin St. Theresa da ke Madalla, kusa da mu nan Suleja. Tsoro ya watsa 'yan'uwa, har yau akwai waɗanda ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Ana kai Bulus Roma a ɗaure, sai masu bi suka fito suka tarye shi a hanya. Ba a kwance shi ba, amma ganinsu ya sa shi godiya, ƙarfinsa ya dawo.

Wa muka daina nema? Mu neme shi yau. Wataƙila mu ne ta'aziyyar da yake roƙon Allah.

Ubangiji, ka sāke sada mu. Amin.