Kafin Mu Sa Gidan Gado a Kasuwa

Jawabin kwamitin ƙungiya a taron ƴan gari mazauna Yamai

Dattawanmu, iyayenmu mata, ƴan'uwa da sunka taso daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, da ku ƴan ci-rani da takardar nan za ta iske a Abijan ko Legas ko Agadas, muna gaishe ku gaisuwar zumunci. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan.

Maganar da munka kawo yau ba mai daɗi ba ce, don ba wanda ke son a ce shi ne ya sayar da gidan ubansa. Amma ana sayarwa. Magada sun yi yawa, ɗakuna ba su isa a raba, kowa ya yi nasa gida a wani gari, ga bashi ga hidima. Ba mu taru don mu zargi kowa ba. Abin da ya sa munka ce sai an yi maganar a bainar jama'a shi ne, sau biyu ke nan ana kawo wa kwamiti rigimar gidan da anka riga anka sayar, kuma duka biyun da an zo gare mu tun kafin ciniki da ba a kai ga jin kunya ba.

Galibin gidajen da muke magana a kansu iyayenmu ne sunka gina su a birni zamanin gyaɗa, lokacin da SONARA ke saye, kafin farin 1973 da 1974 ya karya noman. Gidajen ƙasa ne, da zaure da soro da rufin azara. A cikinsu anka yi sunanmu, a bayan ɗakin uwayenmu anka binne cibiyarmu. In ɗayanmu ya shiga, abin da yake gani ke nan. To, mai saye ba ya ganin ko ɗaya daga ciki, kuma ba laifinsa ba ne. Mun taɓa jin wani ɗan'uwa yana ce wa mai saye, "Ka san ko wane ne ya zauna a zauren nan?" Mutumin ya ce Allah ya jiƙansa, sa'an nan ya tambayi metir nawa ne daga ƙofa zuwa bakin hanya. Ɗan'uwanmu ya ji haushi ya fasa cinikin. Gidan yana nan har yanzu, katangar gabas ta faɗi.

Ku sani masu saye iri biyu ne. Akwai wanda zai zauna da iyalinsa, akwai wanda fili yake so, zai rushe ya gina da bulo da siminti, ya fid da shaguna a bakin hanya. Na biyun ya fi yawa a cikin gari, kuma shi ba ruwansa da soro komai kyansa. Tambayarsa faɗin wuri, ko mota tana kai ƙofa, ko ruwa yana kwanciya, ko akwai takarda. A Maraɗi, da yake bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 an hau da gari kan tudu an yanka tituna miƙaƙƙu, yawancin gidaje suna da hanya. A Birnin Damagaram kuwa akwai lungun da amalanke ma sai da dabara take shiga, kuma gida ba shi da kusurwa huɗu sosai, nan ya shiga can ya fita. Mutumin da ya saba da parsal mai metir 20 a kan 20 ko 20 a kan 30 ba zai yarda da "babban gida ne" ba. Ku samo igiyar awo ku auna tun kafin ya zo, maƙwabta suna tsaye, don a san inda katangarku ta tsaya da wadda kuke tarayya da su. In kun gane mai rushewa ne ke neman gidan, kada ku ɓad da ko dala wajen fenti.

Yanzu ga rigimar farko. Ba za mu faɗi suna ba, waɗanda sunka sani sun sani. Wani ƙanenmu da ke aiki a bakin teku ya aiko da kuɗi a gyara gidan mahaifinsa don ya yi daraja. Niyyarsa kyakkyawa ce. Anka samu wani mai gini ya bi bangon ƙasa da shafen siminti, ya rufe tsaga biyu manya, anka shafa farar ƙasa, anka yi wa ƙofa shuɗin fenti. Cikin bazara anka sayar wa wani malamin lekol da ya shekara da shekaru yana tara kuɗin. Duk magini na gaskiya ya san siminti ba ya kama jikin ƙasa. Ruwa yana samun kafa ya shiga bayansa, ba ya samun hanyar fita, ƙasar ta jiƙe tana ruɓewa a ɓoye, waje kuwa sumul. Da marka ta kama, shafen ya ɓanɓaro kamar ɓawon rogo, bangon ɗakin da yaransa ke kwana ya buɗe. Allah ya kiyaye ba a yi rai ba. Malamin bai je gaban shari'a ba, wurin dattawanmu ya zo, kuma abin da ya ce ya fi sammaci zafi. Ya ce shi ya saya ne don an gaya masa mutanen garinmu ba su cin amana.

Sai da anka mayar masa da wani kaso na kuɗin, kuma abin da anka mayar ya fi abin da fentin ya ƙara wa gidan. Malamanmu da ke zaune a nan sun tabbatar mana a ranar cewa mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani, in ya ɓoye kuwa mai saye yana da ikon mayar da kaya. Ƙanen namu ya rantse bai san da tsagar ba, mun kuma yarda da shi, don shekararsa bakwai bai taka gidan ba. Amma wanda ya wakilta ya sani.

Ba cewa muke a nuna gida a kango ba. Akwai gyara, akwai rufa-rufa, kuma kowa ya san bambancinsu. A share tsakar gida, a kwashe tarkacen da ya taru a ɗakunan da ba a kwana, tsofaffin tukwane da karyayyun gadaje da buhunan da ɓeraye sunka cinye. A fid da awaki daga zaure kwana biyu kafin a zo, a buɗe ƙofofi iska ta shiga. A fashe indararo in ya toshe, don yawancin bangon da ke faɗuwa daga nan ciwonsa ke farawa. A duba salga, in ta cika a faɗa. In za a yi yaɓe, a yi shi da ƙasa irin ta ginin, yadda iyayenmu ke yi kowace shekara bayan kaka, in an samu makuba a sa. Wannan kowa ya gan shi ya san yaɓe ne, ba ya ɓoye kome. Tsagar da kuɗinku bai kai ku gyara ba, ku kama hannun mai saye ku kai shi gabanta, ku ce ga ta, tun shekara kaza take. Zai rage kuɗi, gaskiya ne. Amma ragin da anka yi a zaure ido da ido ya fi wanda za a yi bayan damana a gaban mutane sauƙi.

Mu a ganinmu ma, in ba matsuwa, a bar mai saye ya zo cikin watan Agusta ana tsakiyar ruwa. Tun damanar 2024, wadda ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a jihar Maraɗi, ta kuma kayar da tsohon masallacin Birnin Damagaram da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, mutane sun tsorata da ginin ƙasa. Duk abin da za ku gaya musu da rani ba za su yarda ba. Gidan da mutum ya shiga ana ruwa ya ɗaga kai bai ga yoyo ba, ya ga inda ruwan tsakar gida ke fita, ya gama yi wa kansa talla. Gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da muke raina wa alhali yana da daraja. Azarar da ke rufin tsofaffin gidajen nan ta giginya ce, gara ba ta cin ta da sauƙi. Yau giginya itace ne da hukumar gandun daji ke tsarewa, azara mai kyau sai an ɗauko ta daga nesa, kamar wajen Gaya, ta kuma yi tsada. Mai rushewa ya san haka ko da bai faɗa ba. Ku ƙirga azara da tsofaffin ƙyamare, ku sa su cikin magana tun farko: ko suna cikin ciniki, ko za ku cire. Haka itacen da ke tsakar gida, da rijiya in akwai. In gidan yana da wuta da famfo, a biya bashin da ke kansu a ajiye takardun, don abin kunya ne sabon mai gida ya tare a zo a yanke masa wuta saboda bashin mamaci.

Rigima ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita kuwa ba ta bango ba ce. Ƴan'uwa maza uku sunka shirya tsakaninsu sunka sayar, sunka karɓi kafin alƙalami, dillali ya ci la'adarsa. Ashe akwai ƴar'uwarsu da ke aure a Kano wadda ba a shawarta ba, wai don mace ce kuma tana nesa. Akwai kuma kishiyar uwarsu, tsohuwa, a ɗakin ƙurya, wadda ba wanda ya gaya wa kome sai da ta ga baƙi suna auna tsakar gida. Dattawa, ku gafarce mu, amma wannan ba halinmu ba ne. Mace tana da rabonta, rabin na namiji, matan mamaci suna da tumuninsu in akwai ɗiya, kuma muddin ba a raba ba, kowane ɗaki na kowa ne. Malamai sun ƙara mana da cewa in magaji ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare kafin a raba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, watau su biya kuɗin da baren ya biya su karɓe. Ƴar'uwar ta zo da mijinta ta ce ba ta yarda ba. Mai saye ya ce a ba shi kuɗinsa, kuɗin kuwa an riga an taɓa. Wata takwas muna kai da kawowa, har yau biyu daga cikinsu ba su gaisawa.

Mai saye mai hankali ya fi tsoron magajin da bai gani ba a kan bangon da ya tsage, don bango ana gyara shi da kuɗi. Saboda haka abin da za ku fara shiryawa ba tsintsiya ba ce. A tara magada duka, na kusa da na nesa. Wanda ba zai iya zuwa ba, yanzu akwai salula, ya yi magana shaidu suna ji, ya kuma aiko da wakilci a rubuce. A yi takardar taron dangi a kai gaban shari'a ta tabbatar da sunayen magada da wanda sunka wakilta ya sayar. A nemo takardar filin: ko ta ma'aikatar magajin gari da anka ba mahaifinku ranar da anka yanka masa wurin, ko babbar takardar mallaka in ya yi ta. Da yawa suna cikin adakar tsohuwa ko cikin gafakar littattafai, ku duba kafin gara ta riga ku. In gidan na tsohuwar unguwa ne da ba a taɓa yi masa takarda ba, a fara da mai unguwa da dattawan da sunka san asalinsa. Na ƙauye kuwa, tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin kula da filaye, mai gari yana ciki, suna ba da takardar shaidar mallaka ta gargajiya da ta saye da sayarwa. Kada a tsaya ga "ai kowa ya sani." Waɗanda sunka sani suna ƙarewa, mu duka muna zuwa jana'izarsu.

Sa'an nan a faɗa wa mai saye gaskiyar wanda ke cikin gidan da ranar da zai fita. In akwai ƴan haya a ba su wa'adi na mutunci. In akwai mai takaba, ba a maganar ciniki sai ta cika wata huɗu da kwana goma. In akwai tsohuwa, a san ɗakin da za ta koma da wanda zai riƙe ta kafin a kira dillali, kuma a je a durƙusa a gaya mata da baki. Shi ma dillalin a yanke la'adarsa tun farko a gaban shaidu, a kuma hana shi yi wa gidan kirarin da ba nasa ba, don ƙaryar da ya yi da sunanku ku za a bi.

Wani dattijo ya tambaye mu jiya, ya ce to in an bi duk wannan, kuɗin ba zai ragu ba? Baba, wataƙila ya ragu. Mai yiwuwa kuma abin da kuke tsammani tun farko ne ya yi yawa, don an ji wane ya sayar da nasa miliyan kaza, ba a tambaya ba ko nasa a bakin kwalta yake. Kafin ku sa kuɗi, ku tambayi abin da anka sayar da gidaje biyu ko uku na lungunku, abin da anka biya, ba abin da anka yi suna ba.

Kwamiti ya yanke shawara kamar haka. Duk ɗan ƙungiya da ke da niyyar sayar da gidan gado ya sanar da magatakarda tun kafin ya kira dillali. Za mu tura dattijo ɗaya da magini ɗaya daga cikinmu su duba gidan, su gaya masa abin da ya kamata a gyara da abin da ya kamata a bayyana. Kuɗin motarsu a kan mai gida yake, ba a biyansu lada. Za mu kuma fara sanar da ƴan gari, ko akwai mai so a cikinmu kafin a kai wa bare. Game da tsohuwar da munka ambata, tana wurin ɗan ƙanenta a ƙauye, ɗakin da take ciki yana bukatar rufi kafin ruwa ya sauka. Ma'aji zai zagaya da faranti bayan addu'a.