Kunkuru Ya Shigo Hannunmu: Yaya Za Mu Yi Da Shi?

Yau maganarmu a kan kunkuru ce. Da rani, in an sa wa daji wuta, zomo ya ruga, tsuntsu ya tashi, amma kunkuru ba shi da gudu. Wani ya ƙone, wani ya faɗa rami, wani yara su kama shi suna jifa. In mun ceci irin wannan kunkuru, to, ya zama amana a hannunmu. Bari mu ga yadda za mu riƙe amanar.

Da fari mu san wanda muka tsinta. Akwai babban kunkurun tudu, mai launin rairayi, mai ƙafafu masu kaushi. Yana zaune a busassun ƙasashe, tun daga Sanagal har Itofiya, har da Nijar da arewacin Nijeriya. In ya ƙasaita yakan wuce kilo 50, yakan kuma yi shekara 70 ko fiye. Abincinsa ciyawa. Akwai kuma ƙarami, wanda bayan ƙoƙonsa ke rufewa kamar murfi in ya ji tsoro. Shi wannan, ban da ganye, yana cin dodon koɗi da ƙwari. Sai kuma kififiya, mai faffaɗan jiki da fata tsakanin yatsu. Ita ce ta ruwa.

Ku lura da wannan ƙwarai. Kunkurun tudu bai iya iyo ba. Wanda ya jefa shi rijiya ko kududdufi da nufin taimako, ya kashe shi ke nan.

Abin da ya fi bukata ran farko shi ne ruwa. Mu sami faffaɗan kwano, mu zuba ruwa mai ɗan ɗumi, kada ya wuce haɓarsa. Mu sa shi ciki kamar minti 20, muna tsaye a kansa. Zai sha, jikinsa ya saki. Kada mu yi ta ɗaga shi muna juyawa. Kunkuru yana ajiye ruwa a mararsa domin rani, in ya firgita sai ya fitsare shi duka. Wannan hasara ce babba gare shi.

Sa'an nan mu duba jikinsa. In akwai kaska a wuya ko a gindin ƙafa, mu cire a hankali. In akwai rauni, mu wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri kaɗan. Mu ajiye shi inda ƙuda ba zai sauka a kan raunin ba, don ƙuda yakan yi ƙwai, ƙwan ya zama tsutsa. In ƙoƙon ya tsage, ko ƙunar ta yi yawa, ko hancinsa na fid da kumfa, wannan ya fi ƙarfinmu. Sai asibitin dabbobi.

Ga wata al'ada da ya kamata mu bari. Waɗansu sukan huda gefen ƙoƙon kunkuru su ɗaura igiya, suna tsammani kamar ƙwarya ce. Ba haka ba ne. Ƙoƙon nan ƙashinsa ne, watau haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe. Akwai jini a ciki, yana kuwa jin zafi. Kada a huda, kada a shafa masa fenti ko mai.

Maimakon igiya, mu kewaye masa wuri a bayan gida, mai ƙasa, ba daɓen siminti ba. A kafa gindin katangar cikin ƙasa sosai, gama shi gwanin haƙa ne. A daji yakan haƙa rami mai zurfi ya ɓuya daga zafin rana. Wurin ya zama da rana da inuwa duka biyu. Hantsi yana ƙarfafa ƙashinsa, amma ranar tsaka tana iya kashe shi in babu mafaka. Da hunturu mu zuba masa busasshiyar ciyawa a lungu ya shige. Mu tsare shi daga kare, in ƙarami ne kuma daga ɓera da shaho. In mun gan shi rigingine, mu juya shi nan da nan, don huhunsa yana can sama ƙarƙashin ƙoƙo, kayan ciki su danne shi.

Batun abinci kuwa ba wuya. Babban kunkuru a ba shi ciyawa, ɗanya ko busasshiya, ita ce tuwonsa. A ƙara da ganyen kabewa, da na dankali, da rama. Lokaci lokaci a daka ɓawon ƙwai da aka tafasa a barbaɗa masa. Kada a ba shi tuwo da miya, ko nama, ko madara. Zai ci, amma su ɓata masa ciki, ƙoƙonsa ya tashi tudu tudu. In ya ƙi cin abinci kwana biyu ko uku, kada mu ɗura masa. Baƙunci ne. Mu ba shi ruwa, mu ƙyale shi.

Mu ma mu tsare kanmu. Kashin kunkuru yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo da zazzaɓi. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. Kada kunkuru ya shiga madafa. Kada a bar jarirai su yi wasa da shi. Kwanonsa dabam, namu dabam.

To, in ya warke fa? In daga daji ya fito kwanan nan, mu mai da shi kusa da inda aka same shi, nesa da hanya da wuta. Ya san ramukansa da wurin kiwonsa. In kuwa ya daɗe a gidan mutane, kada mu sake shi da kanmu, don yana iya kai wa na daji cuta. Mu shaida wa ma'aikatan gandun daji.

Kada kuma mu sayar. Babban kunkuru yana ƙarewa, saboda kamu da ƙonon daji da yawan kiwo. Tun shekarar 2000 ƙasashen duniya suka hana cinikin wanda aka kamo a daji zuwa waje, a 2021 kuma aka sa shi cikin dabbobin da ake tsoron ɓacewarsu. Macen takan yi shekara goma ko fiye kafin ta fara ƙwai. Ɗaya in ta tafi, an daɗe ba a mai da gurbinta ba.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Mu bar kunkuru ya yi tafiyarsa, jikokinmu su gan shi da idonsu.

Tambayoyi
1. Don me ba a jefa kunkurun tudu cikin ruwa?
2. Mene ne ƙoƙon kunkuru?
3. Faɗi abu uku da ba a ba shi ya ci.
4. In ya warke, ina za a kai shi?