Sabuwar Mota Mai Aibi: Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu

Abin da ya tara mu yau shi ne kukan da talakawa su ke kawowa ƙofofinku a kan mota. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, ko ya ci bashin banki, ya sayi sabuwar mota. Kafin wata ya cika, giya ta ƙi shiga ko injin ya riƙa zafi. A gyara, ta koma. Dillali ya ce, "Alhaji, a ƙara haƙuri." To, wannan haƙuri shi ne ya kan cinye hakkin mai saye.

Maganar ba baƙuwa ba ce gare ku. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya sayi doki, sa'an nan ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba, yana da zaɓi: ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma idan ya ga aibin, ya yi shiru ya ci gaba da hawa ba da larura ba, sai a ce ya yarda.

Dokar Tarayya ma hanyar nan ta bi. A 2019 aka sa hannu a kan dokar kare hakkin masu saye ta 2018, aka kafa hukumar FCCPC mai babban ofis a Abuja, ta gaji majalisar da aka kafa da dokar soja ta 1992. Dokar ta ce lalle kaya su kasance masu inganci, marasa aibi, masu biyan bukatar da aka saye su dominta. Sashe na 132 ya ba mai saye wata 3 daga ranar da aka danƙa masa kaya. A cikinsu yana iya mayar da mai aibi ba tare da tara ba, ɗawainiyar kuwa a wuyan mai sayarwa, wanda tilas ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun nan na jikin rasit, wai kayan da ya fita ba ya dawowa, ba ya kashe wannan hakki. Har wa yau, garantin kamfani alkawari ne dabam, kada a bari wa'adinsa ya wuce.

A Amurka, Jihar Konetikat ta yi doka a 1982 cewa idan an gyara aibi guda sau 4 bai tafi ba, ko mota ta yi kwana 30 a gareji, sai a musanya ta ko a biya. Darasinmu a nan shi ne ƙidaya, ita kuwa ba ta tsayuwa sai da takarda.

Saboda haka, magatakarda, ga aikinku. Idan mai kuka ya zo, ku tambayi rasit da takardar garanti, ku rubuta lambar injin da ta jikin mota. Ku rubuta masa wasiƙa zuwa ga dillali mai ɗauke da ranar saye, da irin aibin, da abin da ya ke nema, a ajiye kwafi. Duk sa'ad da aka kai motar gyara, ya karɓi takardar ranar shiga da ranar fita. Ku hana shi kai ta ga makanikin unguwa, gama taɓa injin a waje ya kan ɓata garanti. Idan aibin na birki ne ko sitiyari, a jingine motar nan take, rai ya fi dukiya.

Ku kuma iyayen ƙasa, sulhu alheri ne, amma kada zaman sulhu ya ci kwanakin nan. Idan dillali ya ƙi, a kai ƙara ga hukumar ko kotu tun wa'adi bai ƙare ba.

Allah ya taimaki Sarki, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.