Idan Ajiyar Ritaya Ta Zarce Iyaka: Jawabi Ga 'Yan Uwanmu Mazauna Amurka



Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan wani al'amari na kuɗi da ya shafi 'yan uwanmu masu aiki a Amurka, da waɗanda suka dawo gida amma har yanzu suna biyan haraji a can, da kuma 'ya'yanmu da suka fara aiki a ƙasar. Malamanmu su yi mini haƙuri, wanda ke da ɗa ko jika a can sai ya isar masa da saƙon. Al'amarin kuwa shi ne abin da mutum zai yi idan ya zuba kuɗi a asusun ritayarsa fiye da yadda doka ta yarda, da yadda zai bayyana wa hukumar harajin ƙasar, wato IRS.

A Amurka manyan asusun ritaya iri biyu ne. Akwai IRA, wanda dokar 1974 ta kafa, mutum ne ke buɗe wa kansa. Yana da ƙane mai suna Roth IRA da ya fara aiki a 1998, an sa masa sunan Sanata William Roth. Sai kuma 401(k), wanda ake cirewa daga albashi a wurin aiki. Gwamnati tana yi wa kuɗin da ke ciki rangwamen haraji, shi ya sa ta gindaya iyaka. A 2024 da 2025 iyakar IRA dala 7,000 ce a shekara, ko 8,000 ga wanda ya kai shekara 50, a 2026 kuwa aka ɗaga ta zuwa 7,500. Ko asusu nawa gare ka, iyakar guda ce a kansu duka. Ta 401(k) kuma dala 23,000 ce a 2024, sai 23,500 a 2025.

To, ta yaya mutumin kirki zai zarce iyaka bai sani ba? Hanya ta farko ita ce ƙarin samu. Roth ba na kowa ba ne. A 2024, marar iyali da samunsa ya kai dala 146,000 za a fara rage masa abin da zai iya zubawa, idan ya kai 161,000 ƙofa ta rufe. Ga miji da mata masu cika takardar haraji tare, daga 230,000 zuwa 240,000 ne. Sai ka ga mutum ya zuba kuɗinsa tun watan Janairu, a Disamba an yi masa ƙarin girma da ladan ƙarshen shekara, samunsa ya haura.

Ta biyu ta shafi ma'aurata masu cika takarda daban-daban. Idan kun zauna gida ɗaya ko da kwana ɗaya ne a shekarar, dala 10,000 kacal ke rufe muku ƙofar Roth. Amma wanda iyalinsa ke Kano ko Zariya, ba su zauna tare ba duk shekarar, ma'aunin marar iyali za a yi masa.

Ta uku ta fi cin waɗanda suka dawo gida. Doka ta ce ba ka zuba fiye da albashin da ake ɗora wa haraji. Wanda ke aiki a Abuja, ya cika fom 2555 ya keɓe albashinsa duka daga harajin Amurka, a idon hukuma ba shi da albashin zubawa, don haka duk abin da ya sa a IRA rara ce.

Ta huɗu ita ce canjin wurin aiki. Ka zuba dala 15,000 a kamfanin farko a 2024, ka koma na biyu ka zuba 10,000. Kamfanonin ba su san da juna ba, amma jimillar ta zama 25,000, ka zarce da 2,000.

Yanzu sai maganar tara. Rarar da ta kwana a IRA ana cin ta tarar kashi 6 cikin 100, kuma ba sau ɗaya ba, kowace shekara har sai an gyara. Malaminmu na lissafi yana zaune, ba na so in kunyata shi. Kashi 6 na dala 7,000 ya kama 420. Shekara uku, 1,260 ke nan. Kada wani ya ce ai ba wanda zai sani, domin kamfanin da ke riƙe da asusunka yana aika wa hukuma fom 5498 kowace shekara, ɗauke da abin da ka zuba.

Gyara hanya uku ce. Ta farko, ka cire rarar tare da ribar da ta haifa kafin wa'adin miƙa takardar haraji, wato 15 ga Afrilu. Wanda ya miƙa tasa a kan lokaci, ko ya nemi ƙarin wa'adi, yana da har zuwa 15 ga Oktoba. Kada ka shiga intanet ka zare kuɗin da kanka kamar mai cire kuɗin cefane. Kira kamfanin ka ce mayar da rara kake so, su za su lissafa ribar. Idan 7,000 ta haifi 500, za su ba ka 7,500, ka biya haraji a kan 500 kawai, babu tarar kashi 6. A da, wanda bai kai shekara 59 da rabi ba yakan biya ƙarin kashi 10 a kan wannan riba, amma dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2022 ta ɗauke shi.

Ta biyu, idan samunka ne ya hana ka Roth, ka ce a mayar da kuɗin da ribarsa cikin IRA na asali kafin wannan wa'adi, sai a ɗauka tun farko can ka zuba. Ta uku, ka bar kuɗin, ka biya kashi 6 na shekarar, a lissafa rarar cikin kason baɗi, muddin baɗi kana da ikon zubawa. Wanda wa'adi ya wuce shi kuwa, rarar kaɗai zai cire ban da riba, ya biya tarar kowace shekara da ta wuce.

Shi 401(k) ba ya da sassaucin Oktoba. Dole kuɗin ya fito kafin 15 ga Afrilu ta wuce, kuma kamfanoni da yawa suna son a sanar da su tun farkon Maris. Wanda ya makara zai biya haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya, a shekarar da ya zuba da kuma ranar da ya cire a tsufansa.

Saura bayyana wa hukuma, inda mutane suka fi tuntuɓe. Ribar rarar IRA ana lissafa ta cikin samun shekarar da aka zuba kuɗin. Ka zuba a 2024 ka cire a Maris 2025, fom 1099-R ba zai iso ba sai farkon 2026, da harafin P a jikinsa, ma'ana harajin na shekarar baya ne. Mai wayo ba ya jira, zai sa ribar cikin takardar 2024 tare da ɗan bayani a rubuce. Wanda ya riga ya miƙa sai ya gyara da fom 1040-X. Tarar kashi 6 kuwa a fom 5329 ake lissafa ta, kowace shekara da nata fom.

'Yan uwa, hukuma ba ta ɗauki wannan laifin zamba ba, ita da kanta ta tanadi hanyar gyara. Abin da ke cin mutum shi ne jinkiri, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka kowane Janairu ku haɗa jimillar abin da kuka zuba, ku gwada da samunku. Wanda samunsa ke kusa da iyaka ya dakata har ya ga lissafin shekara, tunda doka ta ba shi damar zuba kason bara har 15 ga Afrilu. Wanda abin ya shige masa duhu ya nemi akanta mai lasisi, matambayi ba ya ɓata.